In sayar da filina in jira farashi ya sauko, ko in riƙe shi?

"Assalamu alaikum, ranka shi daɗe. Ni malamin makaranta ne a nan Sakkwato, ina kuma taɓa ƴar sana'ar hatsi. A 2017 na sayi fuloti ɗaya wajen Kwannawa a kan naira miliyan 1.2. Yanzu dillalai sun hana ni sakat, har anka taya shi miliyan 7. Wani abokina ya ce wannan tashin da filaye da gidaje sunka yi ba mai ɗorewa ba ne, in sayar in aje kuɗin, in farashi ya sauko in sayi biyu. Wani kuma ya ce in kwashi miliyan 3 da nit tara in sayi fili inda aka ce sabuwar hanya za ta bi, bayan wata shida in juyar. Mi kag gani? Ina tsoron in yi zaune a bar ni baya, ina kuma tsoron in yi garaje in yi hasara."

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya sanya albarka a abin da ka tara, domin malamin makaranta ya mallaki fuloti kuma ya ajiye miliyan 3 a wannan zamani ba ƙaramin tattali ba ne.

A ido, abokan naka biyu sun saɓa: ɗaya na cewa ka fita, ɗaya na cewa ka ƙara kutsawa. Amma in ka duba da kyau, shawara ɗaya suka ba ka. Kowannensu yana gaya maka cewa ya san inda farashi zai kasance nan da wata shida ko shekara guda, kuma yana son ka ɗora dukiyarka a kan wannan sanin. Tambayarka ke nan a taƙaice: mutum ya riƙe kadara mai kyau ya yi haƙuri shekaru, ko ya riƙa shiga da fita yana farautar lokacin da ya dace? Na shafe fiye da shekara ashirin ina aikin kimanta gidaje da filaye a garin nan, na yi wa bankuna, na yi wa magada, na yi wa kotu. Ban taɓa haɗuwa da mutumin da ya dace da lokacin kasuwa sau uku a jere ba. Na dai ga waɗanda suka dace sau ɗaya, kuma sau da yawa wannan dacen ne ya ja su ga hasarar da ta biyo baya.

Filin ne ya tashi, ko naira ce ta faɗi?

Kafin komai, mu auna miliyan 7 ɗin nan da wani ma'auni da ba naira ba. A 2017 dala tana wajen naira 360 a kasuwar canji, ka ga kuɗin da ka biya ya kai kusan dala 3,300. Bayan da aka saki naira a watan Yuni na 2023, dala ta haura 1,500 a cikin 2024. In muka lissafa a kan 1,500, tayin da aka yi maka bai kai dala 4,700 ba. A naira, filinka ya ninka kusan sau shida. A dala, abin da ya ƙaru bai kai rabi ba.

In dala ta yi maka nisa, mu auna da siminti, tunda shi ne abin da mai fili zai saya gobe. Lokacin da ka sayi fulotin, buhu yana wajen naira 2,500, wato kuɗinka buhu 480 ne. In buhu yana dubu 10, miliyan 7 buhu 700 ce. Kai ɗan hatsi ne, ka yi wannan lissafin da buhun gero, za ka fi ni sanin alƙaluman. Ka ci riba, babu shakka, kuma riba mai kyau. Amma babban aikin da filin ya yi maka shi ne ya tsare maka darajar guminka a lokacin da takardar kuɗi ke narkewa a hannun mutane. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ya kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024. Wanda ya ajiye miliyan guda a ƙarƙashin katifa a farkon shekarar 2024, ya wayi gari a ƙarshenta da abin da ke sayen kayan dubu 740 da ƴan kai.

Wannan ne ya sa nake gaya wa mutane cewa rabin abin da muke kira tashin filaye faɗuwar naira ce. Ɗaya rabin kuwa na gaske ne, kuma dalilansa a fili suke ga duk wanda ke zaune a garin nan. Rashin tsaro a gabashin jiha, Isa da Sabon Birni da Rabah da Goronyo, da kuma maƙwabtanmu na Zamfara, ya turo dubban iyalai cikin birni. Mai hali a cikinsu ya sayi gida, mai matsakaicin ƙarfi ya kama haya, manomin da ya daina iya zuwa gona ya sayar da shanunsa ya sa kuɗin a fuloti. Ga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da jami'ar jiha da asibitin koyarwa da sauran manyan makarantu, kowace shekara suna kawo ma'aikata da ɗalibai masu neman ɗaki. Ga haihuwa, gidan da mutum goma ke ciki jiya yau ya zama gida uku. Sannan tsadar gini kanta tana ɗaga gidan da aka riga aka gina: tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, tifar yashi da rodi da kwanon rufi da ladan birkila duk sun hau, kuma duk da kamfanin siminti yana nan Kalambaina a bakin ƙofarmu, farashin buhu na ƙasa baki ɗaya yake bi. Wanda ya tuna yadda Arkilla da Bado da bakin Western Bypass suke shekara ashirin da suka wuce ya san cewa garin ne da kansa ya miƙe ƙafa.

To wanne daga cikin waɗannan dalilai abokinka ke sa ran zai juya nan da shekara? Wannan ce tambayar da za ka yi masa.

Mai sayarwa don ya sake saye yana bukatar dace biyu

Shawarar abokinka na farko tana da daɗin ji, amma tana bukatar ka yi daidai sau biyu. Sai ka sayar kusa da ƙololuwa, sannan kuma ka gane ranar da farashi ya kai ƙasa ka sake shiga. Ta biyun ta fi wuya nesa ba kusa ba, domin ranar da kaya suka yi araha da gaske ita ce ranar da kowa ke tsoro, kai ma kana ciki.

Kuma tsakanin fita da komawa akwai kuɗin da ke zubewa. Dillali zai karɓi la'ada, kashi 5 cikin ɗari yadda aka saba, wani lokaci har 10. In ka zo saye za ka sake biyan wata. Ga lauya, ga mai awo, ga kuɗin canja suna a ma'aikatar filaye, ga na shaidu. A lissafina na aiki, wanda ya fita ya dawo yakan rasa wajen kashi 10 zuwa 15 na kuɗinsa ko da farashi bai motsa ba. Ka ɗora hauhawar farashi a kan kuɗin da ke zaune. Don ka sayi fuloti biyu da kuɗin ɗaya, sai farashin filaye a naira ya faɗi da fiye da rabi. Ni dai a shekarun da na yi ina wannan aiki ban ga haka ta faru da fili mai takarda a unguwar da mutane ke zama ba.

Akwai kuma abin da alƙalami ba ya kamawa, amma ni da kai mun san shi. Fili ba ya jin sallama, kuɗi kuwa suna ji. Ranar da aka ji ka sayar, ranar za a tuna da auren ƙanwa da jinyar kawu da jarin ɗan'uwa, kuma duk buƙatu ne na gaskiya da mutumin kirki ba zai iya rufe ido a kansu ba.

A ƙarshen 2022, lokacin da aka sanar da canjin takardun kuɗi kuma zaɓe na ƙaratowa, wani bawan Allah, ma'aikaci da ya kusa ritaya, ya zo ofishina in kimanta masa fulotai biyu. Lissafinsa shi ne ƴan siyasa ne ke ɗaga kasuwa, da an gama zaɓe za ta sauko. Ba wawa ba ne, hujjarsa tana da ma'ana, ni ma ban iya rantse masa cewa ba haka za a yi ba. Na dai roƙe shi ya sayar da ɗaya ya bar ɗaya. Ya sayar da duka biyun. Wata shida bayan nan aka cire tallafi, aka saki naira. Ya dawo wurina a 2024 da takardar banki a ninke cikin aljihun gaba, ya shimfiɗa ta a kan tebur yana bin layukan da yatsa. Kuɗin sun ragu da kusan kashi ɗaya bisa uku saboda hidimomin gida, ragowar kuma ba ta isa ta sayi ko ɗaya daga cikin fulotan da ya rabu da su ba. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya tambaye ni ko na san wani wuri can bayan gari da kuɗin za su kai. Har yau abin yana taɓa ni. Ya saki reshe ya kama ganye, kuma ba da son zuciya ba, da lissafi.

Kada ka ɗauka ina cewa farashin gidaje ba ya faɗuwa. Yana faɗuwa, kuma mummunar faɗuwa. A Amurka ya kai ƙololuwa a 2006, daga nan ya sauka da fiye da kashi ɗaya bisa huɗu a faɗin ƙasar kafin 2012, a garuruwa irin su Las Vegas ma fiye da rabi ya tafi. Sai wajen 2016 ya koma inda yake. A Japan farashin ƙasa ya kai ƙarshen tashinsa a 1991, ya yi fiye da shekara goma yana gangarowa. Amma ka duba abin da ya kayar da Amurka: bashi. An ba mutanen da ba su da ƙarfin biya rancen sayen gida, da kuɗin ruwa ya hau suka kasa, bankuna suka ƙwace gidajen suka zuba su kasuwa lokaci ɗaya, kowane gida da aka yi gwanjonsa ya ja na maƙwabci ƙasa. Har babban banki irin Lehman Brothers ya durƙushe a Satumbar 2008.

Mu a nan yawancin filaye da gidaje da kuɗi hannu ake sayensu. Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 a ƙarshen 2024, ba mai hankalin da zai ci bashin banki a haka ya sayi kango, ga kuma haramcin da ya sa jama'armu ke gudunsa tun asali. Tunda babu bankin da ke tsaye a kan mai fili, in kasuwa ta yi sanyi sai ya ce albarka, ya koma gida. Saboda haka faɗuwar kasuwarmu tana da tata kama: farashi a baki yana nan inda yake, amma mai saye ya ɓace. Haka aka yi a 2016 da tattalin arziki ya karye, albashi ya riƙa makara a jihohi da yawa. Allunan sayarwa suka yi shekara biyu a jikin katanga har rana ta cinye rubutun. Hauhawar farashi na cin darajar filin a ɓoye, lambar da ke bakin mai shi ba ta canja ba.

A irin wannan lokaci mutum ɗaya ne ke yin hasara ta zahiri, wanda dole ta sa shi sayarwa. Na tuna wani dattijo a waccan shekarar ta 2016 da ya shigo da takardun gidansa a cikin leda baƙa, matarsa na kwance ana jiran kuɗin aiki. Gidan na kimanta shi da hannuna, na san abin da ya kai. Dillalai uku suka taya, babu wanda ya wuce kashi biyu bisa uku, domin sun ga ledar kuma sun ga idonsa. Ya sallama kafin la'asar. Tun daga ranar, in mutum ya tambaye ni yaushe ne lokacin saye, nakan fara tambayarsa: in ciwo ya shigo gidanka gobe, da me za ka biya ba tare da ka taɓa filin ba?

Haƙurin ma yana da sharaɗi

An ce mai haƙuri yakan dafa dutse, amma ni na ga duwatsun da ba su dahu ba. Waɗanda suka sayi hannun jarin bankuna a 2007 za su ba ka labari. Ma'aunin kasuwar hannun jari ta Najeriya ya haura maki 66,000 a watan Maris na 2008, cikin shekara guda ya faɗo wajen 20,000, kuma bai sake ganin wancan matsayi ba sai a Agustan 2023. Shekara goma sha biyar, a naira kuma, alhali a farkon 2008 dala ba ta kai 120 ba. Wasu bankunan ma sun shuɗe da kuɗin masu hannun jari gaba ɗaya. Wanda ya sayi abu marar tushe a farashin hauka, zaman jira ba ya ceto shi.

Ni kaina na taɓa sayen wani fili ta wajen fadama, saboda arha da kuma zancen cewa gari zai nufo can. Da rani na je na gani, ƙasa a bushe, shimfiɗe kamar tabarma. A damanar 2010, shekarar da ambaliyar Rima ta cinye hanyar shiga mazaunin jami'a na dindindin, ruwa ya kwanta a wurin makonni. Filin yana nan har yau, farashinsa bai ko bi sawun hauhawar kaya ba, kuma ba zan iya sayar wa wani ba tare da na gaya masa abin da na gani ba. Mai kimanta kadara ne ni, na san ƙa'idar, amma arha ta sa na tsallake ta. Shi ya sa ba na yarda wanda nake ba shawara ya biya kuɗin fili sai ya taka shi a watan Agusta, ko aƙalla ya zauna da tsofaffin manoman wurin ya ji inda ruwa ke bi.

Sai takarda. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, abin da kai da ni muke riƙe da shi haƙƙin zama ne, wanda takardar C of O ke tabbatarwa, galibi na shekara 99. Sayar da fili mai irin wannan takarda yana bukatar amincewar gwamna. Yawancin fulotan bayan gari kuwa awon igiya ne: gona ce aka yanka, aka rubuta yarjejeniya gaban mai unguwa da shaidu. Ba haramun ba ne, da yawa daga unguwannin garin nan haka suka fara. Amma rigingimun da suka fi kai ni kotu ba da shaida daga nan suke fitowa. Gonar gado da ɗa ɗaya ya sayar ba da sanin ƴan'uwansa mata ba. Fuloti ɗaya da aka sayar wa mutum uku. Maƙwabci da ya ci taku biyar da fandishonsa saboda mai wurin ya shekara huɗu bai leƙo ba. Lokacin tashin kasuwa ne waɗannan ke yawaita, domin kowa na sauri, ana biyan kafin alƙalami ta waya a kan filin da ba a taɓa gani ba.

Zancen sabuwar hanya

Hanya tana ɗaga fili, wannan gaskiya ne, duk wanda ya ga abin da hanyoyin kewaye suka yi wa garin nan ba zai musa ba. Kuma aikin babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagry, mai tsawon fiye da kilomita 1,000, wanda aka ƙaddamar a Oktoban 2024 daga ɓangaren Illela, ya sa kowane dillali ya sami sabon zance. Sai dai ka lura da abu uku. Duk labarin da ya iso kunnen malamin makaranta ta bakin dillali, ya riga ya shiga cikin farashi, waɗanda suka san layin tun a takarda sun saya tuntuni kuma su ne ke neman sayar maka. Na biyu, manyan ayyuka a ƙasar nan suna ɗaukar shekaru, layinsu kuma yana iya gusawa, kilomita biyu kacal sun isa su mayar da bakin hanya ya zama bayan gari. Na uku ya fi zafi: in filin ya faɗo cikin hanyar kanta, gwamnati na da ikon karɓe shi don amfanin jama'a, kuma diyyar da doka ta tanada ta fi karkata ga abin da aka gina ko aka shuka a kai. Fili fako da ka saya da tsada don hasashe, ba farashin dillali za a biya ka ba.

Juyarwa cikin wata shida sana'a ce, akwai masu yin ta kuma suna ci. Amma su kullum suna cikin kasuwar, suna da fulotai goma, in biyu sun maƙale takwas za su ɗauke su. Kai miliyan 3 ɗin nan ita ce dukan ajiyarka. In ta maƙale shekara uku, kai ne dattijo mai leda.

Akwai alamun da nake dubawa in san zazzaɓi ya shiga kasuwa. In na ga takarda ɗaya ta canja hannu sau uku cikin wata biyu ba wanda ya ajiye bulo ko ɗaya. In ƴan kasuwa sun fara janye jarin shagonsu suna zubawa a fili. In kuɗin gida ya ninka amma haya ba ta bi ba: gidan miliyan 30 da ake haya miliyan 1.2 a shekara, kashi 4 cikin ɗari yake bayarwa kafin gyara, ka ga mai shi ba don haya ya saya ba, yana jiran wanda zai saya fiye da shi ne. Ina ganin wasu daga cikin waɗannan alamu a gefen gari yanzu. Suna gaya mini in yi hattara da sabon saye. Ba sa gaya mini ranar da abin zai tsaya, kuma kasuwa takan yi shekaru tana zazzaɓi kafin ta kwanta.

Abin da zan yi da ni ne kai

Fulotin Kwannawa ba zan sayar ba, matuƙar takardarsa na da kyau kuma ruwa ba ya kwanciya a wurin. Ka saye shi da arha, ba bashi a kansa, ba ya cin abinci. Zan fara da zuwa ma'aikatar filaye in tabbatar da matsayinsa, in awon igiya ne in shiga neman takardar gwamnati ko da za ta ɗauki lokaci, domin ita kaɗai tana ƙara masa daraja fiye da duk wata dabarar kasuwa. Sannan in kewaye shi, ko da layi huɗu ne na bulo da ƙofa. In unguwar ta fara cika, ɗaki biyu da banɗaki da za a sa ɗan haya ko mai gadi sun fi fili fako, suna tsare iyaka kuma suna kawo ɗan abin gyara. Gini a hankali, yau tifar yashi, bayan girbi bulo ɗari biyar, shi ne adashen da iyayenmu suka yi har suka mallaki gidaje, kuma amfaninsa shi ne kana saye a farashi daban-daban, ba ka ɗora komai a kan rana ɗaya ba.

Miliyan 3 kuwa zan raba ta. Abin da zai riƙe gidanka wata shida in ajiye shi inda hannu ke kaiwa cikin kwana ɗaya, ko da hauhawar farashi na ɗan cinsa, wannan shi ne kuɗin da ke hana a taya maka fili da rabin daraja. Wani kaso ya tafi takarda da katanga. Ragowar, kana da sana'ar hatsi da ka sani ciki da waje, ta fi maka filin da ba ka sani ba. In kana son abin da ba ya bukatar tsaro, akwai sukuk na gwamnatin tarayya, wato takardar zuba jari marar kuɗin ruwa, wanda aka fara a 2017 da naira biliyan 100 don gina hanyoyi, ana biyan ladan haya sau biyu a shekara, na farkon kashi 16.47 ne, kuma da dubu 10 ma ana shiga. Ka sani dai a shekara irin 2024 wannan bai kamo hauhawar farashi ba, rage zafi yake yi.

Akwai lokacin da sayarwa ke da kyau. In za ka sayar ka sayi gidan da iyalinka za su shiga ku huta da haya. In ka gano aibi a wurin. In ka sami wani fili da ya fi shi, ka riga ka bincika shi, ka daidaita farashi, ta yadda kuɗin ba za su kwana uku a hannunka ba. Wannan musaya ce, ba farautar lokaci ba. Labarin Zubairu ɗan Awwam, Allah ya ƙara masa yarda, da ya zo a Bukhari yakan zo mini a nan. Bai bar dinari ko dirhami ba, sai filaye da gidaje a Madina da Basra da Kufa da Masar, da bashi mai yawa. Wani fili da ake kira Gaba, ya saye shi 170,000, ɗansa Abdullahi ya sayar da shi 1,600,000. An riƙe shi shekaru, kuma da aka tashi sayarwa don sauke bashin mamaci aka sayar, ba don an hango kasuwa za ta faɗi ba.

Kada ka manta da zakka, domin niyyarka a kan filin tana canja hukuncinsa. A mazhabar Malikiyya da muke bi, filin da ka saya don ka gina ka zauna babu zakka a kansa. Wanda aka saya don kasuwanci kuwa, malamai sun bambanta mai jujjuya kaya kullum, wanda ke kimanta su duk shekara ya fitar, da mai ajiyewa yana jiran kasuwa, wanda ke fitar da ta shekara ɗaya ranar da ya sayar. Ni mai awon daraja ne, fatawa ta malamai ce, ka kai wa malaminka bayanin yadda ka saya da abin da ka ƙudurta.

Duk wannan na gina shi ne a kan abin da ka rubuto, ban taka filin ba, kuma shawarar ta dace da mai albashi da ba bashi a wuyansa. Mai bashin da ke neman shaƙe shi, ko magada da rabon gado ya tsaya saboda fili, hukuncinsu daban ne. Kai dai a makon nan ka ɗauko yarjejeniyar 2017, ka duba ko shaidun da suka sa hannu suna raye, ka je da mai awo ya nemo maka duwatsun iyaka huɗu, ka kuma tambayi maƙwabtan da suka riga suka gina zurfin da suka haƙa kafin su sami ruwa. Dillalan kuma in sun sake kira, ka ce musu albarka.